Anwar Sadat: Shugaban da ya karɓo Sinai, ya rasa ransa

A ranar 6 ga watan Oktoban 1981 ne wasu 'yan bindiga Misirawa su huɗu suka harbe shugaban ƙasarsu, Muhammad Anwar Sadat, yana kallon faretin soja a birnin Alƙahira. Ya rasu yana da shekaru 62, bayan shekaru 11 a kan mulki.

Shi ne shugaban Larabawa na farko da ya ƙulla yarjejeniyar zaman lafiya da Isra'ila. Yarjejeniyar ta maido wa Masar yankin Sinai baki ɗayansa, kuma tana nan tana aiki fiye da shekaru 40 bayan rasuwarsa. Sai dai ba ta samar wa Falasɗinawa ƙasa ba. A kan waɗannan abubuwa biyu ne ake auna Sadat har yau.

Daga ƙauye zuwa kurkuku

An haifi Sadat ranar 25 ga Disamban 1918 a ƙauyen Mit Abul Kum, a lardin Munufiyya da ke arewacin Masar. Mahaifinsa akawu ne a asibitin soja, mahaifiyarsa kuma tana da asali da Sudan. Ya fara karatu a makarantar allo ta ƙauyen, kafin iyalin su koma Alƙahira a 1925.

Ya tashi ne a lokacin da Masar ke da 'yanci a takarda, amma sojojin Birtaniya na girke a cikinta. Ya kammala kwalejin horon hafsoshin soja a 1938, aka tura shi Manƙabad a kudancin ƙasar, inda ya haɗu da wani matashin hafsa mai suna Gamal Abdel Nasser.

Ƙin jinin mulkin mallaka ya kai shi ga hulɗa da 'yan leƙen asirin Jamus a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. An kama shi a 1942, aka sallame shi daga soja. Ya tsere daga tsare a 1944, ya yi ta ɓuya yana ƙananan ayyuka don neman abin sawa a baki.

A 1946 aka sake kama shi bisa zargin hannu a kisan Amin Usman, tsohon ministan kuɗi mai goyon bayan Birtaniya. Ya zauna a kurkuku har 1948, lokacin da kotu ta sallame shi. A cikin littafin tarihin rayuwarsa da ya fito a 1978, ya bayyana zaman kaɗaicin da ya yi a ɗaki mai lamba 54 a matsayin lokacin da ya sauya masa tunani.

An mayar da shi soja a 1950, ya shiga ƙungiyar asiri ta hafsoshi masu neman sauyi da Nasser ke jagoranta. Da safiyar 23 ga Yulin 1952, muryar Sadat ce Misirawa suka ji a rediyo tana shelar juyin mulkin da ya kawar da Sarki Faruk.

A inuwar Nasser

Shekaru 18 Sadat ya yi a gefen Nasser ba tare da an ɗauke shi da wani muhimmanci ba. Ya shugabanci jaridar gwamnati ta Al-Jumhuriyya, ya riƙe muƙamin ƙaramin minista, sannan ya zama kakakin majalisar dokoki. A watan Disamban 1969 Nasser ya naɗa shi mataimakinsa.

Da Nasser ya rasu ranar 28 ga Satumban 1970, jiga-jigan gwamnati suka amince Sadat ya gaje shi, bisa tsammanin cewa mutum ne da za su iya juyawa. Hasashen nasu bai yi daidai ba. A watan Mayun 1971 ya kama mataimakinsa Ali Sabri, da ministan cikin gida Sha'arawi Juma'a, da ministan yaƙi Muhammad Fawzi, da wasu muƙarrabansu, ya gurfanar da su bisa tuhumar yunƙurin kifar da gwamnati.

Ƙasar da ya gada tana cikin mawuyacin hali. A yaƙin kwana shida na Yunin 1967 Isra'ila ta ƙwace Sinai da Zirin Gaza daga hannun Masar, da Gaɓar Yammacin Kogin Jordan da gabashin Birnin Ƙudus daga Jordan, da Tuddan Golan daga Siriya. Mashigin ruwan Suez yana rufe, rijiyoyin man Sinai suna hannun Isra'ila, kuɗin ƙasa kuma na tafiya ne wajen soja.

Sadat ya fara gwada hanyar lalama. A watan Fabrairun 1971 ya shaida wa wakilin Majalisar Ɗinkin Duniya, Gunnar Jarring, cewa Masar a shirye take ta ƙulla sulhu idan Isra'ila za ta janye daga yankunan da ta mamaye. Gwamnatin Golda Meir ta ƙi amincewa da komawa iyakokin da ake da su kafin 1967. A watan Nuwamban shekarar, Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta tura shugabanni huɗu su shiga tsakani: Leopold Senghor na Senegal, da Janar Yakubu Gowon na Nijeriya, da Ahmadu Ahidjo na Kamaru, da Mobutu na Zayar. Sun je Alƙahira da Birnin Ƙudus, amma haƙarsu ba ta cimma ruwa ba.

A watan Yulin 1972 ya kori dubban ƙwararrun sojan Tarayyar Sobiyet daga Masar. Da dama a Isra'ila da Amurka sun ɗauki hakan a matsayin alamar cewa ba shi da niyyar yaƙi.

Yaƙin Ramadan

Da misalin ƙarfe biyu na rana, ranar 6 ga Oktoban 1973, wadda ta yi daidai da 10 ga watan Ramadan, kuma ranar ibadar Yom Kippur ta Yahudawa, Masar da Siriya suka kai wa Isra'ila farmaki a lokaci guda. Injiniyoyin sojan Masar sun yi amfani da injinan feshin ruwa masu ƙarfi suka huda ganuwar rairayi ta Bar Lev, wadda Isra'ila ta gina a gabashin Suez. Cikin sa'o'i dubban sojoji suka ƙetara. Ƙanen shugaban, Atif Sadat, matuƙin jirgin yaƙi, na cikin waɗanda suka mutu a ranar farko.

Nasarar ba ta ɗore yadda ta faro ba. A tsakiyar watan, dakarun Isra'ila ƙarƙashin Ariel Sharon suka ƙetara zuwa yammacin mashigin, daga bisani aka yi wa Runduna ta Uku ta Masar ƙawanya. Amurka na jigilar makamai zuwa Isra'ila, Tarayyar Sobiyet na aika wa Larabawa, Sarki Faisal na Saudiyya da sauran masu arzikin mai kuma suka ƙaƙaba wa Amurka takunkumin mai. Kwamitin Sulhu ya zartar da ƙuduri mai lamba 338 ranar 22 ga Oktoba, aka tsagaita wuta kwanaki kaɗan bayan haka.

Yaƙin ya shafi Afirka kai tsaye. Ƙasashen nahiyar da dama sun yanke hulɗar jakadanci da Isra'ila don nuna goyon baya ga Masar. Chadi da Nijar sun riga sun yi hakan tun kafin yaƙin, Nijeriya ta bi sahu a watan Oktoban 1973, kuma ba ta maido da hulɗar ba sai a 1992.

A fagen daga dai babu wanda ya yi cikakkiyar galaba. Amma a siyasance Sadat ya samu abin da yake nema: ya wanke wa sojojinsa kunyar 1967, ya nuna wa Isra'ila cewa riƙe Sinai na da tsada, ya kuma jawo Amurka cikin maganar. Sakataren harkokin wajen Amurka Henry Kissinger ya shiga tsakani aka ƙulla yarjejeniyoyin janye dakaru biyu, a Janairun 1974 da Satumban 1975. Ranar 5 ga Yunin 1975 aka sake buɗe mashigin Suez bayan shekaru takwas a rufe.

Tafiya Birnin Ƙudus

Matsin tattalin arziki na daga cikin abubuwan da suka ingiza Sadat neman sulhu. A 1974 ya ɓullo da manufar buɗe ƙofa ga masu zuba jari, wadda ake kira Infitah. Wasu 'yan tsiraru sun azurta, talakawa kuwa suka ci gaba da dogaro da tallafin gwamnati. Da aka rage tallafin kayan abinci a Janairun 1977 bisa shawarar Asusun Ba da Lamuni na Duniya, tarzoma ta ɓarke daga Iskandariyya har Aswan. Mutane fiye da 70 suka mutu cikin kwana biyu, gwamnati ta janye matakin.

Ranar 9 ga Nuwamban 1977, a gaban majalisar dokokin Masar, Yasser Arafat na zaune a zauren, Sadat ya ce a shirye yake ya je ko'ina don neman zaman lafiya, har majalisar dokokin Isra'ila. Firaministan Isra'ila Menachem Begin, shugaban jam'iyyar Likud mai ra'ayin riƙau, ya aika masa da takardar gayyata. Ministan harkokin wajen Masar, Isma'il Fahmi, ya ajiye aikinsa don nuna adawa.

Sadat ya sauka a Isra'ila ranar 19 ga Nuwamba. Washegari ya yi sallar Idin Babbar Sallah a Masallacin Al-Aƙsa, sannan ya yi jawabi da Larabci a majalisar Knesset. Ya shaida wa Isra'ilawa cewa Masar ta yarda su zauna lafiya a yankin. Amma ya nemi su janye daga dukkan yankunan da suka mamaye a 1967, har da gabashin Ƙudus, su kuma amince da 'yancin Falasɗinawa na kafa ƙasarsu. Ya ce bai zo neman sulhu na Masar ita kaɗai ba.

Wannan alkawari na ƙarshe shi ne masu sukarsa suka fi riƙe shi da shi daga baya.

Camp David

Bayan watanni ana tattaunawa ba tare da ci gaba ba, shugaban Amurka Jimmy Carter ya gayyaci Sadat da Begin zuwa wurin shaƙatawar shugabannin Amurka na Camp David. Sun yi kwana 13 a can, daga 5 zuwa 17 ga Satumban 1978. Dangantaka ta yi tsami har sai da aka daina haɗa mutanen biyu a ɗaki ɗaya, Carter ne ke kai-komo tsakaninsu da daftari.

An fito da takardu biyu. Ta farko ta tanadi bai wa mazauna Gaɓar Yamma da Gaza ƙwarya-ƙwaryar 'yancin cin gashin kai na tsawon shekaru biyar, kafin a yanke makomar yankunan. Ta biyu ta tanadi janyewar Isra'ila daga Sinai da ƙulla sulhu tsakaninta da Masar. Ba a ɗaura aiwatar da ta biyun a kan ta farko ba, batun Birnin Ƙudus kuma an bar shi a wasiƙun da kowane ɓangare ya bayyana matsayinsa. Ministan harkokin wajen Masar na lokacin, Muhammad Ibrahim Kamil, ya yi murabus tun kafin a sa hannu.

An bai wa Sadat da Begin lambar yabo ta Nobel ta zaman lafiya ta 1978. Ranar 26 ga Maris na 1979 suka rattaba hannu kan yarjejeniyar a Fadar White House. Isra'ila ta amince ta fice daga Sinai cikin shekaru uku. Masar ta amince da Isra'ila a matsayin ƙasa, ta buɗe wa jiragen ruwanta mashigin Suez, ta kuma yarda a ƙayyade yawan sojojin da za ta girke a Sinai.

Martanin Larabawa bai yi jinkiri ba. An dakatar da Masar daga Ƙungiyar Ƙasashen Larabawa, aka ɗauke hedikwatar ƙungiyar daga Alƙahira zuwa Tunis. Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ma ta dakatar da ita. Akasarin ƙasashen Larabawa sun janye jakadunsu, in ban da Sudan da Oman da Somaliya. Hujjarsu ita ce, da zarar an cire Masar mai runduna mafi girma daga fagen, Isra'ila ba ta da sauran abin tsoro.

Abubuwan da suka biyo baya sun ƙarfafa wannan zargi. Tattaunawar 'yancin Falasɗinawa ta cije, ginin matsugunan Yahudawa ya ci gaba, a Yulin 1980 kuma Knesset ta zartar da dokar da ta ayyana Birnin Ƙudus baki ɗaya a matsayin babban birnin Isra'ila. A Yunin 1981, kwana uku bayan Sadat ya gana da Begin a Sinai, jiragen Isra'ila suka ragargaza tashar nukiliyar Iraƙi.

Rikicin cikin gida

Tun farkon mulkinsa Sadat ya nemi kusantar masu kishin Musulunci, don su zame masa garkuwa daga 'yan gurguzu da magoya bayan Nasser. Ya saki 'yan ƙungiyar 'Yan'uwa Musulmi da Nasser ya ɗaure, ya bar ƙungiyoyin ɗalibai Musulmi suka yi ƙarfi a jami'o'i. Kafofin gwamnati na yi masa laƙabi da shugaba mumini. A gyaran tsarin mulki na 1980 aka ayyana Shari'ar Musulunci a matsayin babban tushen dokokin ƙasa, a gyaran kuma aka cire iyakar wa'adin shugaban ƙasa.

Sulhu da Isra'ila ya raba shi da waɗannan abokai. Haka nan mafakar da ya bai wa hamɓararren Sarkin Iran, Muhammad Reza Pahlavi, wanda ya rasu a Alƙahira a Yulin 1980, da dokar iyali ta 1979 da jama'a suka laƙaba wa sunan matarsa Jihan. A Yunin 1981 aka yi mummunan rikici tsakanin Musulmi da Kiristoci Kibɗawa a unguwar Zawiyatul Hamra ta Alƙahira.

A farkon Satumban 1981 Sadat ya ba da umarnin kama mutane fiye da 1,500 daga kowane ɓangare. Cikinsu akwai shugaban 'Yan'uwa Musulmi Umar Tilmisani, da fitaccen mai wa'azi Sheikh Abdulhamid Kishk, da ɗan jarida Muhammad Hasanain Haikal, da marubuciya Nawal Sa'adawi. Ya kuma janye amincewar gwamnati ga shugaban Kibɗawa, Shenouda na Uku, aka killace shi a wani wurin ibada a hamada. Cikin waɗanda aka kama har da wani mai suna Muhammad Islambuli, yayan wani laftana a rundunar igwa.

Ranar faretin

Wannan laftana, Khalid Islambuli, yana da alaƙa da ƙungiyar Jihad ta ɓoye, wadda wani injiniya, Muhammad Abdussalam Faraj, ke jagoranta. An sanya shi cikin faretin cika shekaru takwas da ƙetare Suez, a unguwar Madinat Nasr. Ya shigar da abokansa uku cikin motarsa a madadin sojojin da ya sallama.

Yayin da hankalin jama'a ya koma kan jiragen yaƙin da ke shawagi a sama, motar ta tsaya daura da rumfar manyan baƙi. Maharan suka jefa gurneti, suka buɗe wuta. An garzaya da Sadat asibitin soja na Ma'adi a jirgi mai saukar ungulu, inda aka tabbatar da rasuwarsa. Wasu da dama sun mutu tare da shi, ciki har da Bishop Samuel na cocin Kibɗawa. Mataimakin shugaban ƙasa Husni Mubarak ya tsira da rauni a hannu. An ruwaito Islambuli yana shelar cewa ya kashe Fir'auna.

Kwana biyu bayan haka 'yan bindiga suka kai hari kan cibiyoyin 'yan sanda a birnin Asyut, amma boren da suka yi fatan zai game ƙasa bai samu ba. An zartar wa Islambuli da Faraj da wasu uku hukuncin kisa a Afrilun 1982. Cikin ɗaruruwan da aka kama akwai wani matashin likita, Ayman al-Zawahiri, wanda ya yi shekaru uku a kurkuku, daga baya ya shugabanci ƙungiyar Alƙa'ida.

An yi jana'izar Sadat ranar 10 ga Oktoba. Tsofaffin shugabannin Amurka uku, Nixon da Ford da Carter, sun halarta, haka ma Begin. Daga cikin shugabannin ƙasashen Ƙungiyar Larabawa kuwa, Ja'afar Numairi na Sudan da Siad Barre na Somaliya ne suka zo. Titunan Alƙahira sun kasance shiru, saɓanin miliyoyin da suka yi wa Nasser rakiya. An binne shi a dandalin tunawa da sojan da ba a san shi ba, kusa da inda aka harbe shi.

Abin da ya bari

Sadat bai ga cikar babban burinsa ba. Ranar 25 ga Afrilun 1982, wata shida bayan rasuwarsa, Isra'ila ta kammala ficewa daga Sinai, bayan ta rushe matsugunin Yamit. Ɗan yankin Taba da aka yi taƙaddama a kansa ya dawo hannun Masar a 1989, bayan hukuncin masu sasantawa na ƙasa da ƙasa.

Saniyar waren da aka mayar da Masar ba ta daɗe ba. Ta koma Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi a 1984, ta koma ta Larabawa a 1989, hedikwatar kuma ta dawo Alƙahira a 1990. Ƙungiyar 'Yantar da Falasɗinu ta ƙulla yarjejeniyar Oslo da Isra'ila a 1993, Jordan ta yi sulhu a 1994, Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Bahrain da Maroko suka ƙulla hulɗa da ita a 2020. Firaministan Isra'ila da ya amince da yarjejeniyar Oslo, Yitzhak Rabin, shi ma wani Bayahude mai tsattsauran ra'ayi ne ya harbe shi a Nuwamban 1995.

Tun daga 1973 Masar da Isra'ila ba su sake gwabza yaƙi ba, alhali sun yi yaƙe-yaƙe huɗu cikin shekaru 25 da suka gabaci hakan. Yarjejeniyar ta jure mamayar Lebanon a 1982, da boren Falasɗinawa biyu, da faɗuwar Mubarak a 2011. Muhammad Mursi na 'Yan'uwa Musulmi bai soke ta ba da ya hau mulki a 2012. Ta kuma jure yaƙin Gaza da ya ɓarke a Oktoban 2023, ko da yake dangantaka ta yi tsami bayan da Isra'ila ta kama mashigar Rafah ta ɓangaren Gaza a Mayun 2024. Amma sulhu ne na gwamnatoci. Ƙungiyoyin lauyoyi da 'yan jarida da likitoci na Masar sun daɗe suna ƙin hulɗa da takwarorinsu na Isra'ila.

A cikin gida, shi ne ya juya akalar Masar daga Mosko zuwa Washington, abin da ya samar wa sojojin ƙasar tallafin Amurka na kimanin dala biliyan 1.3 a shekara tun daga ƙarshen shekarun 1980. Ya halatta jam'iyyun siyasa, amma ya riƙe iko a hannunsa. Dokar ta-ɓacin da aka kafa bayan kisansa ba ta ƙare ba sai a 2012.

Wasu daga cikin waɗanda aka ɗaure saboda kisan sun sake tunani. Shugabannin ƙungiyar Jama'a Islamiyya sun yi shelar ajiye makamai a 1997, kuma a 2003 ɗaya daga cikinsu, Karam Zuhdi, ya fito fili ya nuna nadama kan kashe Sadat.

Magoya bayansa na cewa shi kaɗai ne cikin shugabannin da suka rasa ƙasa a 1967 ya karɓo tasa baki ɗaya, suna nuni da Tuddan Golan da har yau ke hannun Isra'ila. Suna kuma cewa abin da Falasɗinawa suka karɓa a Oslo bai wuce wanda aka tanadar musu a Camp David ba, bayan an yi asarar shekaru 15. Masu sukarsa kuwa na cewa ya sayar da babban makamin Larabawa da araha, ya bar Falasɗinawa su kaɗai a gaban abokin gabar da ya fi ƙarfinsu. Yawan Yahudawa 'yan kama-wuri-zauna a Gaɓar Yamma ya tashi daga 'yan dubbai a lokacin Camp David zuwa kusan rabin miliyan, ban da na gabashin Ƙudus.

A Masar, ranar 6 ga Oktoba da ranar 25 ga Afrilu duk ranakun hutu ne na ƙasa, ɗaya don tunawa da ƙetare Suez, ɗaya don tunawa da dawowar Sinai. Ƙasar Falasɗinu mai cikakken iko da yankunanta, wadda Sadat ya nema a gaban Knesset a 1977, har yanzu ba ta tabbata ba.